Manyan maganaɗisun bincike da dogon layin masu jiran su

A watan Agustan 2022 masana a birnin Hefei na ƙasar Sin suka sanar da cewa maganaɗisunsu ya kai ƙarfin tesla 45.22, kuma ya ɗore a haka. Wanda suka ƙwace wa kambun yana Tallahassee, a jihar Filorida ta Amurka, yana riƙe da shi tun 1999 da tesla 45. Shekara 23 ke nan, ga kuɗi, ga ƙwararru, ga gasa tsakanin manyan ƙasashe, amma ƙarin da aka samu bai kai rubu'in tesla guda ba. A tsawon waɗannan shekarun kwamfuta ta ninka ƙarfinta sau ba adadi. Maganaɗisu kuwa tafiyar hawainiya yake yi, alhali masu binciken da ke bukatarsa sai ƙaruwa suke.

Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Wanda ke kewaye da duniya, mai juya allurar kamfas ta fuskanci arewa, kimanin kashi 50 ne cikin miliyan na tesla ɗaya. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti yawanci tesla 1.5 ce ko 3. Idan aka ce tesla 45, ana maganar kusan ninki 900,000 na ƙarfin maganaɗisun duniya, an tattara shi a cikin rami mai faɗin milimita 32 kacal. A riƙe wannan faɗin a rai, domin rabin matsalar masu bincike a cikinsa take.

Me ake nema da irin wannan ƙarfi? Duk halin da wani ƙarfe ko sinadari ke nunawa, ko yana wuce da wuta ko yana tare ta, ko yana manne wa maganaɗisu ko ba ruwansa, daga ilektiron ɗin da ke cikinsa yake fitowa. Kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne a karan kansa, kuma idan yana tafiya sai ƙarfin maganaɗisu ya lanƙwasa masa hanya ta koma da'ira. Daga yadda ya juya da yadda ya zagaya mai bincike ke karanta abin da ido ba ya gani. Daɗin wannan hanya shi ne ba ta taɓa ainihin abin da ake gwadawa: ba a zuba masa komai ba, ba a ƙona shi ba, ana kashe maganaɗisun yawanci ya koma yadda yake. Rauninta kuwa, tasirin tesla ɗaya a kan ilektiron bai kai tasirin zafin digiri ɗaya ba. A zafin ɗaki, kai-komon da zafi ke sa ƙwayoyin zarra yi ya isa ya binne alamar gaba ɗaya. Shi ya sa dole a haɗa biyu: a sanyaya abin har kusa da iyakar sanyi, sannan a ɗaga ƙarfin maganaɗisun iya ɗagawa.

An kuma ga amfanin hakan. A watan Fabrairun 1980, a ɗakin binciken maganaɗisu na Grenoble a Faransa, Klaus von Klitzing ya lura cewa turjiyar da wani siririn shimfiɗin ilektiron ke yi wa wuta ba a hankali take sauyawa ba, mataki-mataki take hawa, kuma matakin na tsayawa a kan adadi guda, om 25,812.8 (om shi ne ma'aunin turjiya), ko da wane samfuri aka gwada. Ya karɓi kyautar Nobel a 1985, kuma yau da wannan adadi hukumomin awo na duniya ke daidaita ma'aunin turjiya. Bayan shekara 2 da ganowarsa, Daniel Tsui da Horst Störmer suka yi gwaji makamancinsa a ɗakin binciken maganaɗisu na jami'ar MIT ta Amurka, suka ci karo da matakin da ke nuna kamar cajin ilektiron ya rabu kashi uku. Wannan ma ya kai ga Nobel a 1998. Babu ɗayansu da ya shiga ɗakin da niyyar gano abin da ya gano. Ƙarfin maganaɗisun ne ya kai wurin da abin ke ɓoye.

To me ya hana a ƙara wuta kawai? A nan gizo ke saƙar. Ƙarfin maganaɗisu daga wutar lantarki mai zagaya naɗin waya yake fitowa, sai dai ƙarfin da wayar ta haifar a kanta yake komawa, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Yana tura naɗin waje ta kowane gefe, yana neman tsaga shi. Kuma lissafin ba shi da tausayi: idan ka ninka ƙarfin sau biyu, matsin ya ninku sau huɗu, wutar da za a sha ita ma haka. A tesla 45 matsin ya kai kimanin ninki 8,000 na nauyin iskar da ke kanmu. A tesla 100 ya doshi ninki 40,000. Tsantsar jan ƙarfe tun kafin nan ya saki. Idan aka gauraya shi da azurfa don ya yi tauri, sai turjiyarsa ta ƙaru, zafi ya ƙaru.

Dabarar da ake amfani da ita har yau ta Francis Bitter ce, tun shekarun 1930. Maimakon waya, sai a yanko faifan jan ƙarfe sirara, kowanne da rami a tsakiya da tsaga ɗaya daga ramin zuwa baki, a huda masa ɗaruruwan ƙananan ƙofofi. A jera faifan ɗaya bisa ɗaya, da abin da ba ya wuce da wuta a tsakani, ta yadda wutar za ta riƙa hawa tana zagayawa daga faifai zuwa faifai. Ƙofofin nan suna haɗuwa su zama bututu, ta cikinsu ake tura ruwan sanyi da aka tace, dubban lita a kowane minti. Ruwan ya tsaya na ɗan lokaci kaɗan, ƙarfen ya narke. Maganaɗisu irin wannan da Hefei ta kai tesla 42.02 da shi a Satumban 2024 megawat 32.3 ya sha. Duk wannan wutar zafi take zama, ruwa ya kwashe ta. Babu jami'ar da za ta ajiye irinsa a sashenta na kimiyya.

Hanya ta biyu ita ce wayar da ba ta turjiya ko kaɗan. Heike Kamerlingh Onnes ya gano a 1911, a Leiden ta ƙasar Holan, cewa wasu ƙarafa idan aka sanyaya su da ruwan hiliyom, wajen digiri 269 ƙasa da sifili, wuta na bi ta cikinsu ba tare da ta yi asarar komai ba. Ka cusa wutar sau ɗaya, ka rufe da'irar, ta yi ta zagayawa shekara da shekaru. Da irin wannan waya aka naɗa maganaɗisun MRI, da kuma manyan maganaɗisu 1,232 masu tesla 8.3 da ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin zarra a LHC, katafariyar na'urar karo da ƙwayoyin zarra ta cibiyar binciken CERN da ke Turai. Amma ita ma tana da iyaka, domin maganaɗisu mai ƙarfi na kashe mata wannan baiwar. Haɗin niyobiyom da titaniyom na tsayawa a wajen tesla 10. Haɗin niyobiyom da kuza na kaiwa kusan 23, daga nan ya cije. Masu tesla 45 ɗin nan na haɗin gwiwa ne: waya marar turjiya a zagayen waje, faifan Bitter a ciki, kowanne ya ba da nasa kason.

Hanya ta uku a saki wutar gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, a janye kafin naɗin ya narke. A haka aka kai tesla 100.75 a Los Alamos ta Amurka a 2012 ba tare da maganaɗisun ya fashe ba. A jami'ar Tokiyo an kai 1,200 a 2018, amma a nan naɗin tarwatsewa yake yi a kowane gwaji, kuma ƙarfin fashewar ya ɓalle ƙofar kejin ƙarfen da aka killace shi a ciki.

Da waɗannan alƙaluma jaridu ke yin kanu, kuma da su ake shawo kan masu ba da kuɗi. A ganina a nan ake kuskuren fahimtar bukatar. Mai bincike ba adadin tesla tsirara yake nema ba. Yana neman ƙarfin da zai iya aiki a cikinsa, kuma abin da wannan ke nufi ya sha bamban daga wani fanni zuwa wani.

Masanin fiziks mai nazarin sababbin ƙarafa shi ne ya fi kusa da son ƙarfi ko ta halin ƙaƙa. Tun 1986, da Georg Bednorz da Alex Müller suka gano wasu haɗe-haɗen jan ƙarfe da iskar oksijin masu daina turjiya a sanyin da bai kai na da tsanani ba, har yau masana ba su haɗu a kan bayani guda na yadda abin ke faruwa ba. Don a ga abin da ke ƙarƙashin wannan hali sai an kashe shi da maganaɗisu alhali abin na cikin sanyi, kuma wasunsu ba sa sakin jiki sai an kai tesla 50, 60, ko fiye. A 2007 aka yi irin wannan gwaji a Toulouse ta Faransa da bugun ƙiftawar ido da ya kai wajen tesla 60, sakamakon ya sauya yadda ake kallon waɗannan sinadarai. Mai irin wannan aiki zai iya haƙuri da kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa. Amma shi ma ba kowane awo ke yiwuwa a wannan ɗan lokaci ba. Auna yadda abu ke riƙe zafi, ko bin saman ƙarfe da tsinin allura ana duban ƙwayar zarra ɗaya bayan ɗaya, aiki ne na sa'o'i ko kwanaki, kuma ba ya son girgiza. Ruwan da ke gudu da ƙarfi cikin faifan Bitter kuwa girgiza ce tsagwaronta.

Masanin sinadarai bukatarsa daban. Shi na'urar NMR yake amfani da ita, wadda ke sauraren amon da cibiyar ƙwayar zarra ke fitarwa a cikin maganaɗisu. Cibiyar haidurojin tana amsawa a megahaz 42.58 (kaɗawa miliyan 42.58 a daƙiƙa) a kan kowane tesla, amma maƙwabtanta a cikin sinadarin na ɗan karkatar da amon, kuma daga wannan ɗan bambanci ake gane siffar furotin ko inda magani ke manne masa. Furotin guda na da dubban irin waɗannan ƙwayoyi. A ƙaramin maganaɗisu amonsu kamar hayaniyar taro yake, kowa na magana ba a jin kowa. Ƙarfin na ƙaruwa muryoyin na rarrabuwa, alamar na ƙara fitowa, awon da zai ci mako ya koma na kwana. Sai dai fa sharaɗin yana da tsauri: ƙarfin ya zama daidai a ko'ina cikin ɗan bututun gwajin, kada ya bambanta ko ya motsa fiye da 'yan kashi cikin biliyan. Tesla 45 mai rawa ba ta da amfani a wurinsa. Shi ya sa aka kai tesla 23.5 a wannan fanni a 2009, da na'urar da aka girka a Lyon ta Faransa, amma sai a 2020 aka girka mai tesla 28.2 ta farko a Florence ta Italiya. Fiye da shekara 10 a kan ƙarin da bai kai tesla 5 ba, kuma masu fannin sun yi murna da shi ƙwarai, don sun san abin da ya ci.

Mai nazarin ƙwaƙwalwa kuma faɗi yake so, ramin da mutum zai shiga ya kwanta. Maganaɗisun Iseult da ke kusa da Faris tesla 11.7 ne, kimanin rubu'in mai kambun Hefei, amma faɗin raminsa santimita 90, nauyinsa tan 132, kuma an kwashe kusan shekara 20 kafin a nuna hotunan ƙwaƙwalwar mutum na farko da shi a Afrilun 2024. Wahalar ƙera shi ba ta gaza ta masu kambun ba.

Akwai kuma waɗanda bukatarsu ta fi ba ni tausayi, masu haska abu da niyutiron (ƙwayar da ke cikin cibiyar zarra) ko hasken eks-re. Su maganaɗisun ne dole ya je inda hasken yake, kuma a bar masa taga ta shiga da ta fita, a daidai wurin da injiniya ke son cikewa da ƙarfe don naɗin ya jure matsi. A Balin ta Jamus an ƙera mai tesla 26 don wannan aiki, ya fara a 2015. A watan Disamban 2019 aka rufe tukunyar nukiliyar da ke ba shi niyutiron. Shekara huɗu da 'yan kai ya yi yana aiki, hanyar ta toshe.

Bayan wannan duka sai maganar layi. Ɗakunan da ke da ƙarfin da ya haura tesla 30 na dindindin 'yan ƙalilan ne a duniya: Tallahassee, Grenoble, Nijmegen ta Holan, Hefei, sai irinsu a Japan. Masu bugun ƙiftawar ido akwai Los Alamos, Toulouse, Dresden, Wuhan da Tokiyo. Mafi yawan ƙasashen duniya ba su da ko ɗaya. Tsarin shiga, a gaskiya, abin yabo ne: mai bincike ya rubuta abin da yake son yi, 'yan'uwansa masana su tantance, idan ya yi nasara a ba shi lokaci, kuma a Tallahassee ba a karɓar kuɗin amfani daga wanda zai wallafa sakamakonsa. A Turai sau biyu a shekara ake buɗe ƙofar nema. Amma abin da ake samu kwanaki ne ƙidayayyu, sau da yawa mako guda, bayan jiran watanni. A zo da samfurin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, an liƙa masa wayoyin zinari masu sirantar gashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a zura shi can cikin ramin tare da na'urar sanyayawa da ma'aunin zafi da abin juya shi, duk a cikin milimita 32 ɗin nan. Waya ɗaya ta ɓalle a cikin sanyi, sai an fito da komai, an ɗumama, an gyara, an sake sanyayawa, yini ya tafi. Ga ɗalibin da ke neman digirin digirgir, wannan yinin na iya zama jiran wata shekara.

Illar da ba a cika faɗa ba ita ce yadda ƙarancin lokaci ke sauya irin tambayar da mutane ke yi. Wanda ya san mako ɗaya gare shi ba zai kawo gwajin da ba shi da tabbas ba. Zai kawo wanda ya riga ya san zai ba da sakamako, domin da sakamakon zai nemi lokaci na gaba. Gwajin "bari mu gani" sai wanda maganaɗisu ke ɗakinsa, yana iya kunnawa da tsakar dare ba tare da izinin kwamiti ba. Yawancin ɗakunan jami'a kuwa iyakarsu tesla 9 zuwa 16, masu hali su kai 20. Tsakanin 20 da 40 akwai fili mai faɗi da ilimi ke jibge a ciki, amma ƙofar shigarsa ƙunci gare ta. Da ni ake shawara, a nan zan ce a zuba ƙarfi, fiye da neman ƙarin rabin tesla a saman 45.

Kuma hanyar ta fara buɗewa, daga waɗancan sinadaran na 1986 da har yau ba a gama fahimtarsu ba. Ana yin su yanzu a siffar zare mai faɗi, milimita 4 ko fiye, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin 10 na milimita. Yawancin kaurin ƙarfe ne mai tauri da rufin jan ƙarfe. Ainihin sinadarin da ke ɗaukar wutar shafe ne a kai, kaurinsa kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita. A sanyin hiliyom wannan shafen na ci gaba da ɗaukar wuta a ƙarfin da ya ninka iyakar niyobiyom. Da shi Tallahassee ta kai tesla 32 a 2017 ba tare da faifan Bitter ba, ba megawat 30, ba ruwa mai girgiza, ana iya barinsa a kunne kwana da kwanaki. Da shi aka yi NMR mai tesla 28.2. Tun 2013 wani rahoton majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya ba da shawarar a ƙera mai tesla 40 irin wannan, kuma ana kan aikin.

Zaren yana da nasa halin. Idan wani ɗan wuri a tsohuwar waya ya ɗumama ya koma turjiya, nan da nan abin ke bazuwa, na'ura ta gane, a kwashe wutar, zafin ya rarrabu a duk naɗin. A sabon zaren bazuwar a hankali take yi, don haka wuri ɗaya na iya ƙonewa kafin a ankara. Faɗinsa kuma na sa wasu ƙananan wutoci su riƙa zagaya a cikinsa da kansu, su gurɓata daidaiton da masu NMR ke mutuwar so, su ƙara wa zaren murɗiya. A 2019 aka ba da rahoton wani ɗan ƙaramin naɗi da ya kai tesla 45.5 a cikin wani maganaɗisun, amma da aka warware shi bayan gwaji an tarar zaren ya lanƙwashe a wurare. Tsakanin gwajin da ya yi nasara sau ɗaya da na'urar da baƙo zai kunna ya kashe sau dubbai akwai aikin shekaru. Abin da ya taimaka shi ne masu neman wutar lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra sun shigo kasuwar. Bayan MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems sun nuna babban maganaɗisu mai tesla 20 a Satumban 2021, bukatar zaren ta tashi, masana'antu suka faɗaɗa. Masu bincike na iya cin gajiyar wannan, muddin ba a bar su a ƙarshen layin saye ba.

Ko an warware wannan, hiliyom na nan. Ba a ƙera shi a masana'anta. A cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake taruwa sannu a hankali daga ruɓewar yuraniyom da toriyom, a tsamo shi tare da iskar gas, kuma wanda ya sulale sama ƙarshenta barin duniya yake yi. Ƙasashe kaɗan ke samar da mafi yawansa: Amurka, Katar, Aljeriya, Rasha. A 2022 gobara a masana'antar Amur ta Rasha da tsayawar aiki a rumbun gwamnatin Amurka da ke Texas suka haɗu, aka shiga rabon hiliyom da awo. Asibitoci da manyan masana'antu aka fara ba, ɗakunan jami'a suka koma baya, wasu dole suka sauke maganaɗisunsu. Sauke irin wannan na'ura kuwa ba kashe fitila ba ne: sake sanyaya ta da daidaita ta na cin makonni da hiliyom mai yawa, kuma tsohuwa ba lalle ta dawo yadda take ba. Na'urar da ke kama iskar da ta ƙafe ta mai da ita ruwa tana nan, tana aiki, tana ceto mafi yawan abin da da zai salwanta. Amma masu ba da tallafi sun fi son sayen sabon maganaɗisu da za a yi bikin buɗewa a kan bututu da injin matse iska da ma'aikacin da zai kula da su shekara 20. Ya kamata duk takardar neman sayen maganaɗisu ta zo da kuɗin waɗannan a cikinta, har da albashin ma'aikacin, in ba haka ba a mayar da ita a gyaro.